Gaban wa za ka zauna in ka gama?

Duk shekara, da sakamakon bak ya fito, tsofaffin ɗalibaina kan zo neman shawara, kuma da yawansu karatun shari'a suke so. Hanyar kam a shimfiɗe take: shekara uku ta lisans, biyu ta mastar, a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a jami'ar Tawa, daga nan sai jarrabawar shiga makarantar horar da alƙalai, ko koyon aikin lauya. Wannan lissafi kowa na iya yi musu shi. Ni abin da nake ƙarawa tambaya ce guda: su wane ne za su zauna gabanku ran da kuka gama?

Galibi manomi ne da makiyayi, ko ƴan'uwa da gonar uba ta raba, ko macen da aka saka ba a sallame ta ba. A irin waɗannan ƙararraki na aure, saki, gado da gona, dokar ƙasarmu ta ce a bi al'adar masu ƙara, alƙali yana zaune tare da masu taya shi sanin al'adar. To amma jami'a ta fi ba da ƙarfi ga rubutattun dokoki masu tushe daga Faransa. Ke nan wanda ya tsaya ga allon aji kaɗai, rabin aikinsa ya koya.

Shi ya sa nake ce musu su tsara karatun gida biyu. Shekarar farko a ƙware da Faransancin shari'a, domin kalma guda tana kayar da ƙara. Lokacin hutu kuwa a je fada a zauna, a ga yadda hakimi ke sulhu kafin magana ta kai kotu. A karanci dokar karkara ta 1993, a san aikin kwamitocin filaye da ta kafa. A nemi malamin zaure ya koyar da rabon gado bisa mazhabar Malikiyya, tunda al'adar yawancinmu can ta jingina. Mai sha'awar harkar fatauci ya riƙe dokokin OHADA, waɗanda ƙasashe 17 suka yi tarayya a kai, ya kuma tuna cewa ɗan kasuwar Maraɗi da ya ƙetara Katsina ya shiga wani tsarin daban, mai tushe daga Ingila.

Saura harshe. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, amma littattafan shari'a har yanzu da Faransanci suke. Nakan ba su aiki: kowace ƙa'ida suka koya, su gwada bayyana ta ga kakarsu. In ba ta gane ba, su koma su sake karatu. Mutumin da aka karɓe wa gona da hukuncin da bai fahimta ba, ba ya komawa gida da haƙuri, kuma ƴaƴansa ne za su gāji rigimar.