Vespa Ko Boxer: Gardamar Gidanmu

A yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, maganar babur ce. Kada wata ta ce ina ruwan mace da babur, domin duk matar da ke zaune a ƙauye irin namu, tsakanin Bichi da Tsanyawa, ta san babur ɗin gidansu shi ne motar asibitinta, shi ne kuma mai kai buhun gero kasuwa.

Kuɗin da muka haɗa kashi biyu ne, albashin Malam na koyarwa da ya daɗe yana tsimi, da abin da na samu a littafina na huɗu haɗe da kwasar adashi. Tunda da gumina a ciki, ai kuwa da bakina a ciki.

Shi Malam ransa na kan wata tsohuwar Vespa da wani dattijo ya jingine a zaure. Ban ga laifinsa ba wallahi. Mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, ita ya hau tun zamanin kuɗin Udoji, wajen 1975, lokacin da malamin makaranta in ya sayi Vespa gari guda ke zuwa yi masa Allah ya sanya alheri. Kuma abar tana da kwarjini. Kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fara ƙera ta a 1946, sunan ma da yarensu rina yake nufi, saboda ƙugunta da kukan injinta. Tana da garkuwa a gaba mai tare taɓo, ba ta da sarƙar da za ta kama babbar riga, ga safayar taya a jikinta. Mutum ya hau da farar shadda ya je Juma'a ya dawo tsaf.

Amma ƙanena bakanike ne, shi ya zaunar da ni ya warware min abin da ke cikin ƙarfen. Ya ce, "Yaya, injinta bugu biyu ne." Wato duk hawa ɗaya da sauka ɗaya na fistin sai wuta ta tashi, shi ya sa take da zafin nama ga sauƙin kwancewa. Sai dai ba ta da wurin ajiye baƙin mai a ƙasan inji, a cikin fetur ake zuba mata, awo ɗaya cikin hamsin, ta ƙone su tare. Shi ne shuɗin hayaƙin nan da ke bin ta, shi ne kuma ke toshe fulogi da salansa. Sannan wani fetur ɗin ma bai ƙone ba yake ficewa ta salansa. In aka manta haɗin, ko aka sayi mai wajen 'yan bumburutu aka zuba haka nan don sauri, fistin na iya kamewa a tsakiyar hanya.

Shi kuwa mai bugu huɗu irin Boxer, sai fistin ya yi tafiya huɗu kafin wuta ta tashi sau ɗaya. Baƙin mansa na zaune a wurinsa, juye kawai ake yi in lokaci ya yi, kuma shan mansa bai kai nata ba.

To a nan gizo ke saƙar. Da a ce muna zamanin da fetur ke araha ne, da ban ce uffan ba. Amma tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, kowace lita sai an yi mata lissafi kamar kwanon masara. Malam kullum sai ya je makaranta ya dawo, kwana biyar a mako, ban da ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa.

Sai kuma hanya. Ƙasarmu gona ce jingine da gona, babu daji, hanyoyin duk burtali ne tsakanin shinge da shinge, da rani yashi har idon sawu, da damina zaizaya da kwazazzabo. Tayar Vespa inci 10 ce, tsofaffin ma 8, ta Boxer kuwa 17. Ƙaramar taya a yashi sai a hankali. Ni abin da ya fi tsaya min a rai ke nan, domin na san yadda ake fita da mai naƙuda ƙarfe biyun dare, ita a tsakiya, wata a bayanta tana riƙe da ita. A ina mutum uku za su zauna a kan Vespa?

Ga kayan gyara. Na Boxer ko a bakin tasha aka tsaya za a samu, yara ƙanana ma sun iya kwance shi. Na Vespa sai an shiga Kano an yi cigiya, masu gyaranta kuma yawanci dattawa ne, sai raguwa suke yi.

Da na jero masa waɗannan, Malam ya yi shiru can ya ce, "Maman Abba, ke lissafi kike yi, ni kuwa Baba nake tunawa." Maganar ta taɓa ni ƙwarai, sai da na yi ƙwalla. Na ce, "Malam, ai ban hana ka ba, ni dai a fara sayen na wahala, na marmari ya biyo baya."

Boxer muka saya, na hannu, ja. Ita kuwa Vespar, Malam ya koma wajen dattijon ya roƙe shi kada ya sayar wa kowa sai ya ji daga gare shi bayan kaka, in gyaɗa ta yi kyau. Dattijon ya ce ai shekara bakwai tana jingine ba wanda ya taya, ba inda za ta.