Masai, 'Yan Mishan da Askar Kaciyar Mata

Mutumin Gwarzo ko Kabo da ya saba da rugar Fulani ba zai yi baƙunta a ƙasar Masai ba. Makiyaya ne a kudancin Kenya da arewacin Tanzaniya, dogaye, masu yafa jan mayafi, arzikinsu saniya, cimarsu nono da nama. A Kenya sun fi yawa a Narok da Kajiado. A al'adarsu yarinya ba ta shiga sahun mata sai an yi mata kaciya. Tana warkewa sai zancen aure, uba ya karɓi shanun sadaki, karatu kuwa ya ƙare ke nan. Binciken lafiya na Kenya na 2014 ya nuna kashi 78 cikin 100 na matan Masai an yi musu, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 21 ne.

'Yan mishan ne suka fara ɗaga murya a kan wannan al'ada, kuma da ƙafar hagu suka shiga. A 1929 Dakta John Arthur na cocin Sikotlan ya kafa wa mabiyansa 'yan ƙabilar Kikuyu sharaɗi: ko su yi alkawarin barin kaciyar mata, ko su bar coci. Mutanen da Turawa suka riga suka ƙwace wa gonaki sai suka ɗauki abin a matsayin ƙarin cin fuska. Suka fice, suka kafa nasu coci-coci da makarantu. A Janairun 1930 aka kashe wata 'yar mishan Ba'amurkiya, Hulda Stumpf, a gidanta da ke Kijabe. Shi kansa Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar, ya kare al'adar. Aska dai ta zama tutar kishin ƙasa, 'yan mata suka ci gaba da zubar da jini.

Inda coci ta ci riba a ƙasar Masai shi ne makaranta. A makarantar kwana ta 'yan mata ta cocin AIC da ke Kajiado, shugabarta Priscilla Nangurai, ita ma 'yar Masai, ta shiga karɓar yaran da suka gudo daga kaciya da auren dole. Hutun Disamba shi ne kakar yankan, don haka yaran ba sa komawa gida sai an sasanta da iyaye. 

Amma 'ya'yan gida ne suka karya lagon abin. Agnes Pareyio, wadda aka yi wa ita kanta tana yarinya, ta riƙa bin ƙauyuka a ƙafa da siffar jikin mace a hannu, tana nuna wa dattawa abin da aska ke cirewa. A 2002 ta buɗe gidan mafaka a Narok. Masu zaginta a da su ne suka zaɓe ta 'yar majalisar Narok ta Arewa a 2022. Nice Leng'ete kuwa tana shekara takwas ta gudu. Da ta girma, ba ta tsaya kan iyaye mata ba, ta je wurin dattawa da samarin da ake kira moran, domin su ne ke cewa ba za su auri marar kaciya ba. Dabarar da ta yaɗa tare da ƙungiyar Amref mai sauƙi ce: a ci gaba da biki da raye-raye da ado da sa albarkar dattawa, a koya wa yarinya sanin jikinta, aska kawai za a ajiye. A ganina wannan ya fi duk wa'azin Arthur hikima.

Doka ma ta zo. Kenya ta haramta yi wa yara mata kaciya a 2001, ta haramta gaba ɗaya a 2011. Sai wasu suka koma yi a ɓoye, ko su tsallaka da yara Tanzaniya. Uhuru Kenyatta, lokacin yana shugaban ƙasa, ya yi alkawarin kawar da al'adar kafin ƙarshen 2022, bai cimma ba, amma adadin ƙasar ya sauko zuwa kashi 15.

Kada mai karatu ya ce wannan al'ada ta mutanen nesa ce. Cire angurya da wanzami ke yi wa jaririya, da yankan gishiri da ake yi wa mace in naƙuda ta yi tsawo, duk Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a jerin kaciyar mata. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun daɗe da lissafa yankan gishiri cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari. Najeriya ta yi dokar hani a 2015, amma wanzami nawa ne a ƙauyukan Gwarzo ya taɓa jin labarinta? Hakiman Gwarzo da Kabo su kira Sarkin Aska da ungozomomi da limamai da fastocin Maguzawa, a zauna da ma'aikatan asibiti, a faɗa musu ɓarnar da wannan yanka ke yi.