Bashin gishiri ya kai shi duwatsun Abzin

Wani manomi ne na ƙasar Damargu, a wani ƙauye kusa da Tanut. Tun yana yaro, kowace shekara da sanyi, ayarin raƙuma yakan sauka a gonarsu. Mai ayarin wani Ba'abzine ne daga Timiya. Yana kawo kantun gishiri da dabino daga Bilma, mahaifin yaron kuwa yana ba shi hatsi. Raƙuma su ci kara, su bar taki a gona. Haka suka yi shekara da shekaru, babu takarda, babu shaida.

Wata shekara damana ba ta yi kyau ba. Tsohon ya karɓi gishiri, ya ce hatsi sai baɗi. Baɗi ta zo, Ba'abzine bai zo ba. Aka ji labari ciwon ƙafa ya zaunar da shi gida. Da ciwon ajali ya kama tsohon, ya kira ɗansa ya ce: "Akwai buhu 2 na mutumin Timiya a wuyana. Kada ka bar ni da su."

Da aka gama maimai, aikin gona ya yi sauƙi, sai ya buɗe rumbu. Hatsin ya yi ƙasa, girbi kuwa da saura. Ƴan uwa suka ce ya jira wani ayari ya aika. Ya ce amanar da aka ba shi da baki, da ƙafa zai kai ta. Ya auna buhu 2, ya ɗinke, ya nufi tasha.

Daga Tanut zuwa Agadas wajen kilomita 300 ne. Gonaki suka ƙare, aka shiga dajin makiyaya, shanu da raƙuma ko'ina cikin ɗanyar ciyawa. Aka wuce Adarbisanat. Da marece ya hango hasumiyar masallacin Agadas. Tsawonta mita 27, da laka aka gina ta, itace ya fiffito a jikinta. Ya kwana a tasha, kansa a kan buhu.

Da safe ya samu babbar mota mai zuwa Timiya, cike da shinkafa da sukari da ganyen shayi. Tafiyar ta fi kilomita 200, amma ba irin hanyar da ya sani ba ce. Babu kwalta. Mota ta hau tudu tana nishi, ta gangara tana rawa. Shi da ya tashi a fili, inda ido ke gani har iyakar sama, yau ga duwatsu baƙaƙe sun tsaya dama da hagu. Waɗansu kamar rumbu, waɗansu kamar an yanka da wuƙa. Daga gabas aka nuna masa Bagzan. Can ne wuri mafi tsawo a duk ƙasar Nijar, mita 2022. A tsakanin duwatsu akwai ƙoramu busassu, farin rairayi, da goruba da aduwa a bakinsu.

A cikin irin wannan ƙorama mota ta kafe bayan azahar. Kowa ya sauka. Karen mota ya yi ta haƙa, yana tura faifan ƙarfe ƙarƙashin taya. Rana tana sama, ko ɗigo babu. Waɗansu suka ce a bari sai da safe, a kwana a nan, rairayi ya fi tabarma laushi.

Sai ga wata mata mai kiwon awaki a kan gaɓa. Tana ɗaga hannu, tana nuna wani baƙin hadari can nesa bisa dutse. Direba ya duba sau ɗaya ya ce: "Jama'a, a sauke kaya, maza!" Manomin ya saɓa buhu ɗaya, ya haura gaɓa, ya dawo ya ɗauki na biyu. Aka taru aka tura. Sau uku mota tana komawa rami, a na huɗu ta fita.

Ba su gama shan shayi ba suka ji ƙugi kamar na iska. Ruwa ne, ja wur, ya taho da itace da duwatsu. Kafin a ce me, wurin da mota ta kafe ya zama gulbi. Direba ya ce masa: "Malam, ka ga halin ƙasar dutse. Dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a sama, duka nan yake gangarowa. Ko sama tana fari, ba a kwana cikin ƙorama." Suka kwana bisa tudu. Sanyin dare ya sa shi ya shiga tsakanin buhunansa. Da hantsi ruwa ya janye, suka ƙetare.

Kusa da Timiya direba ya tsaya ya ce kowa ya zo ya wanke ƙura. Suka taka kaɗan da ƙafa. Ruwa ne ke faɗowa daga saman dutse cikin wani tafki mai sanyi. Manomin bai iya iyo ba. Ya tsaya a baki, ruwa iyakar gwiwa, ya yi wanka yana dariya shi kaɗai.

Ya samu Ba'abzinen a garka, zaune a inuwar dabino. Tsohon ya daɗe yana dubansa, sannan ya kira sunan mahaifinsa. Da ya ji rasuwar, ya ja rawani ya rufe fuska.

Manomin ya ce: "Baba, ga hatsinka. Shi ya ce in kawo."

Tsohon ya ce: "Ɗana, ai na yafe tuntuni."

"Baba, ka karɓa, ya samu ya kwanta lafiya."

Tsohon ya kwance bakin buhu, ya tsoma hannu, ya shinshina. Ya ce: "Hatsin Damargu." Suka yi wa mamaci addu'a. Aka dama fura da dabino da cukun awaki, irin ta Abzinawa, suka sha.

Kwana 3 ya yi. Wani jikan tsohon ya hau da shi dutsen da ke bisa gari, inda Faransawa suka bar wani tsohon gini. Hawan ya sa gwiwarsa rawa. Daga can ya ga Timiya duka: ɗan siririn kore a bakin ƙorama, sauran kuwa dutse tsantsa. A cikin wannan ɗan wuri ake noma alkama, masara, albasa, tafarnuwa, lemu da rumman. Ya ga rijiya da raƙumi ke jan guga, yaro yana gaba da akala. Guga ta juye a kwami, ruwa ya bi lambatu daga fangali zuwa fangali. Waɗansu sun sa injin. Ya ga yadda suke jera duwatsu a bakin garka, don kada ƙorama ta cinye musu ƙasa. A da yana zaton Abzinawa raƙumi kawai suka sani. Ashe a aikin garka malamansa ne.

Ranar komawa, tsohon ya sa masa irin albasa da rumman a cikin buhun da ya kawo hatsi. Ya iso gida gero ya nuna. Bayan girbi ya shata fangali a bakin rijiyar gari, ya jera duwatsu a inda ruwa ke zaizaye masa gona. In an tambaye shi labarin Abzin, yakan ce duwatsu ya gani, ruwa ya ba shi tsoro, amma tun ran da ya dawo barcinsa yake yi har asuba.