Wake a Ka, Burodi a Ciki: Tsokaci Kan Cimar 'Yan Ci-rani a Iddo

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan akwai wanda wannan karin magana ta fi shafa, to shi ne Bahaushen da jarinsa ƙarfin jikinsa ne a birnin Ikko. Tun da layin dogo ya isa Kano a shekarar 1911, tashar Iddo ta zama ƙofar da arzikin Arewa ke bi ya shiga wannan birni. A yau tireloli sun karɓe yawancin aikin jirgin, amma kasuwar Iddo tana nan a matsayin wurin sarin hatsi da wake. A Agege kuwa, inda fataken goro suka kafa zango, akwai babbar mayankar Oko-Oba. Wato dai hannun mutanenmu ne ke kai wa Ikko wakenta da namanta.

Duk lokacin da aiki ya kai mu can, mukan zauna da 'yan dako mu lura da cimarsu. Saurayi zai wuni yana sauke buhunan wake, amma kalacinsa shayi ne da burodin Agege, da rana garin kwaki da sukari, da dare kuma taliyar leda. Duk waɗannan suna kashe yunwa, suna ba da kuzarin 'yan sa'o'i, sai dai ba su wadatar da tsokar da aiki ke ci kullum. A nan jami'a kuma muna ganin wasu ɗalibanmu masu ɗaga ƙarfe suna zuba kuɗin makaranta a kan garin gina jiki na gwangwani daga Turai. Bisa ga fahimtarmu, ciwon ɓangarorin biyu ɗaya ne: rashin sanin abin da ke cikin kwanon gida.

Abin da ke gina tsoka shi ne sinadarin furotin. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2007 ya ƙayyade giram 0.83 ga kowane kilo na nauyin baligi a rana, ke nan mai kilo 60 yana bukatar kimanin giram 50. Ga mai motsa jiki sosai kuwa, masana abincin 'yan wasa sun ɗaga ma'aunin zuwa tsakanin giram 1.2 da 2.0, wato daga giram 72 zuwa 120 ga mai wannan nauyi. Ɗan dako ya fi kusa da wannan rukuni na biyu.

To, ina za a samo shi? Ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 6. Kofi guda na dafaffen wake yana ba da kimanin 13, cikin hannu na gyaɗa kimanin 7, yankan nama ko kifi mai girman tafin hannu kimanin 25. Wanda ya ci ƙwai biyu da safe, shinkafa da wake da rana, gyaɗa da la'asar, tuwo da kifi da dare, ya tara giram 57 daga waɗannan kaɗai, hatsin da ya ci kuma zai ƙarasa masa ya haura 70. Rarraba shi a kan cin abinci uku ko huɗu ya fi a tara shi a zama ɗaya gaban mai tsire.

Bugu da ƙari, iyayenmu mata sun riga masana gano wani sirri. Furotin ɗin hatsi yana da giɓin da na wake ke cikewa, na wake ma yana da nasa giɓin da hatsi ke rufewa. Saboda haka koko da ƙosai, da shinkafa da wake, haɗi ne mai hikima, kamar yadda nono ke cika fura. Awara da ƙuli-ƙuli su ma suna nan da araha.

Nama fa? Yana da amfani, amma da iyaka. Asusun Binciken Cutar Daji na Duniya ya ba da shawarar kada jan nama dafaffe ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. Kilishi yana da furotin mai yawa, yana kuma da gishiri, mai hawan jini sai ya yi hattara. Mai ciwon ƙoda kuwa ya tuntuɓi likita kafin ya ƙara komai, domin abincin wani gubar wani.

Daga ƙarshe, muna ganin akwai nauyi a kanmu, mu manazarta Hausa. Ɗan dakon Iddo ba ya awo da giram. Da mudu da gwangwani da tafin hannu yake yi. Ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri za su yi babban aiki idan suka mayar da wannan ilimi cikin ma'aunin da ya sani, suka kai shi rediyo da majalisun masu shayi, tun daga Iddo har zangon Agege.