Hedimasta, Maƙwabcinmu na Kakuri

A unguwarmu babu mai kama sunansa na yanka. Manya su ce Malam, mu yara mu ce Hedimasta, da furfura ta cika kansa kowa ya koma ce masa Baba. Ɗan Katolika ne daga Kudancin Kaduna, ya yi karatu a hannun limaman mishan mutanen Ayalan, ya fito da takardar malanta mai daraja ta biyu. Ni kuwa Musulmi ne, mahaifina ma'aikacin masaƙa a Kakuri, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa. Na san shi a makaranta, na kuma san shi a tsakar gida, kuma mutum ɗaya na gani a duka wuraren biyu.

A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan. St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta nan Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, ita ma 'yar firamarenmu aka sauya mata allo ta koma hannun hukumar ilimi. Abin ya sosa ran Katolika da yawa, ban kuwa ga laifinsu ba, domin da baikonsu da guminsu aka aza tubalan azuzuwan nan. Wasu malamai da suka ga babu sauran Fada mai faɗowa ba zato ya duba rajista, sai suka saki jiki. Hedimasta bai rage komai ba. Kafin ƙarfe bakwai ya jingine kekensa a gindin mangwaro. Mahaifina ya taɓa tambayarsa, cikin raha, wa yake tsoro yanzu tunda Fada ya tafi. Ya ce, "Maƙwabci, ai dama ba Fada nake yi wa aiki ba."

Da aka buɗe shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, yara suka yi ambaliya. Aji ya cika har bakin taga, wasu a kan tubali, wasu a ƙasa. Idan allo ya koɗe, shi da kansa yake fasa tsohon batir ya kwaɓa baƙinsa ya shafe shi ranar Asabar. Amma abin da ya fi zama a raina shi ne yadda yake duba littattafanmu. Bayan magariba yakan fito da ɗan tebur a barandarsa, ya kunna fitilar ƙwai, ya jera littattafan aji shida. Ba ya zana kuros ya wuce. Sai ya bi lissafin da jan biro har ya gano layin da ƙafarka ta zame, ya kewaye wurin, ya rubuta gyaran a gefe da ƙananan haruffa masu tsabta. Wani lokaci nakan kai masa tuwon da innata ta aiko, in tsaya ina kallo. Sai da na zama malami na gane yawan lokacin da wannan aiki ke ci, da kuma yadda babu mai biyan ka ko mai ganin ka idan ka yi shi. A wurinsa na koyi cewa littafin yaro amana ce.

Addininsa ba ɓoyayye ba ne, ba kuma na talla ba. Carbinsa na rozari kullum yana aljihun hagu. Ranar Larabar Toka yakan shigo makaranta da toka a goshi, kuma duk Juma'ar azuminsu na kwana arba'in nama ba ya shiga tukunyar gidansa. Da dare bayan an ci abinci mukan ji su ta kan katanga, shi yana ja, matarsa Mama da yara suna amsawa, da Hausa. Wannan mutumin ne kuma yake sallamar mu da wuri ranar Juma'a, idan kuwa ya kama ka kana ƙwallo maimakon masallaci, ranar Litinin ka shiga uku. Da azumin Ramadan ba ya sa mai azumi yankan ciyawa. Ina ganin don ya ɗauki ibadarsa da nauyi ne ya kasa raina ta wani.

Yana da zafin hannu, wannan kam ba na yaba masa. Bulalarsa ta sa wasu yara masu jinkirin fahimta sun tsani makaranta, kuma zamani ba ya wanke hakan gaba ɗaya.

A gida kuwa mutum ne mai sanyi. Idan albashi ya fito, ambulan ɗin a gaban Mama yake buɗewa, su zauna su kasa: na abinci, na makaranta, na coci, na tsofaffi a ƙauye. Lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka zo a 1975, unguwa ta cika da sababbin babura da rediyo mai kaset. Shi ya ci gaba da hawa kekensa, ya ajiye kuɗin don karatun 'ya'yansa mata, a zamanin da ake cewa karatun mace a madafa yake ƙarewa. Sa'ad da Mama ta yi doguwar jinya, shi yake ɗebo ruwa a famfo da bokiti, yana layi cikin mata. 'Yan majalisa suka riƙa ce masa mijin-ta-ce. Bai taɓa tanka musu ba, yakan gaishe su ya wuce da ruwansa. Ranar Lahadi kuma shi yake riƙe mata jaka idan za ta taron Zumuntar Mata.

A watan Fabrairu na 1982 Paparoma John Paul na Biyu ya zo Kaduna. Hedimasta ya kwashi iyalinsa tun asuba zuwa Dandalin Murtala, ya dawo murya a dishe don waƙa. Ban taɓa ganin farin ciki a fuskarsa kamar na wannan rana ba.

Rikicin shekarar 2000 ya raba garin gida biyu, kogi a tsakiya. Muka tattara muka haye arewa, zuwa Tudun Wada, mahaifina ya bar masa makullin gidanmu ba takarda ba shaida. A lokacin Baba ya yi ritaya, fanshonsa kan yi watanni bai fito ba. Duk da haka ya sa ɗan haya a gidan, ya sayi littafi ya ja masa layi, wata da kwanan wata da adadi, har kuɗin gyaran kwano da ƙusa. Ƙarshen kowane wata yakan hau bas ya tsallaka gada, a kwanakin da mutane ke shakkar tsallakawa, ya damƙa wa mahaifina kuɗin da littafin ya ce, "Alhaji, duba ka sa hannu." Mahaifina ya ce ba sai ya duba ba. Baba ya ƙi tashi sai da aka duba.

Ranar jana'izarsa mu tsofaffin ɗalibai Musulmi muka zauna a rumfa a harabar coci har aka gama Mas. Mun haɗa 'yan kuɗi don iyali, amma babbar 'yarsa, wadda ita ma malama ce, ta ce, "Yaya, rufin aji shida yana yoyo tun bara, can za ku kai." Mun rufe wannan ajin kafin damina. Na kusa da shi ma ya fara zuba, kuma mun sa ranar zama a kansa bayan Ista.