Ƙarshen Damina a Bakin Gulbi: Mafara, Bakura da Maradun

Mai karatu, idan kana neman lokacin da ƙasar Zamfara ta fi kyan gani, to ka jira marka ta fara sassautawa, wato daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. A lokacin gero ya yi kai, yara na gasa tumu a bakin gona, gulbi ya cika ya batse, shamuwa kuma tana shirin tafiya. Lokacin ne kuma ɗalibai ke dogon hutu, ƙafarsu ba ta zama gida. Shi ya sa wannan ziyara ta shafi kowane uba da kowace uwa.

Ka ɗauki hanyar Gusau zuwa Sakkwato, za ta kai ka Talata Mafara, garin da kasuwarsa ta ranar Talata ta ba shi suna. Daga nan Bakura da Maradun duk maƙwabta ne. Garuruwan uku kowanne ya ba Zamfara gwamna tun bayan da aka ƙirƙiro jihar a 1996: Ahmad Sani Yariman Bakura, da Abdul'aziz Yari na Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. A ƙasar Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, amma da sunan Maradun duniya ta san shi. Sai dai abin da ya fi ɗaure garuruwan nan wuri guda shi ne ruwa.

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa a jihar Katsina, ya ratsa Gusau, ya biyo ta wannan yanki, ya je ya haɗu da gulbin Rima kusa da Sakkwato, daga can ruwan ya wuce Argungu har ya faɗa kogin Kwara. A kansa aka gina madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala a 1978. Tsawon bangonta ya haura kilomita 5, kuma an tsara ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450 domin noman rani. Idan ka samu izinin ma'aikatan wurin ka hau bangon da hantsi, za ka ga ruwa iya ganinka, ga masunta a kwale-kwale suna duba koma, ga balbela da zalɓe suna kiwo a gefe.

Amma kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto, ka san abin da ke ƙarƙashin wannan ruwa. Gonaki ne da gidajen mutanen da aka tasa. A watan Afrilun 1980, manoman da suka tare hanyoyin aikin suna neman diyyar gonakinsu sun gamu da 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka da dama a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Mutanen ƙasan madatsar kuma sun rasa ambaliyar da ke shayar da fadamunsu kowace shekara, noman shinkafa da su suka ja baya. Idan ka zauna da dattijon yankin, ka gaishe shi da kyau, ka bar shi ya fara zancen da kansa.

Tafiyar ƙafa mafi daɗi a nan ba hawan dutse ba ce. Ka bi gefen magudanan ruwa da kunyoyin da suka ratsa filayen shinkafa tsakanin Mafara da Bakura. Ka fita bayan sallar asuba, ka dawo kafin rana ta take. Za ka ga yara na kaɗa gwangwani suna korar tsuntsaye daga shinkafa, ga dankali da rake da masara, ga mai kifi ɗauke da tarwaɗa da karfasa zuwa kasuwa. Ka sa takalmi rufaffe, ka riƙe sanda, domin ciyawar damina maɓoyar kububuwa ce da kasa. Kada ka taka kunyar mutum ba tare da sallama ba.

Sai batun wanka da ninƙaya, wanda shi ne yara suka fi ɗoki. Ruwan ƙarshen damina ja ne, ba a ganin ƙasansa. Inda yaro ya tsaya da rani ruwa iya gwiwa, yanzu yana iya shanye babban mutum, domin igiyar ruwa ta kwashe yashin ta bar rami. Idan madatsa ta cika aka saki ruwa, gulbin da ke ƙasanta yakan ƙaru ko da ba a yi ruwan sama a garin ba. Manyan magudanan aikin noma kuwa sun fi gulbi yaudara: ruwan ya yi lumui kamar ba ya motsi, alhali yana ja, gefensa kuma santsin gansakuka ne, wanda ya faɗa ba ya samun abin kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ruwa ke ci duk shekara, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Don haka ka nemi Sarkin Ruwa ko wani masunci ya nuna maka mashigin da 'yan gari ke wanka, ka tsaya nan. Kada yaro ya shiga sai da babban da ya iya ruwa, wanda idonsa ke kan yaran, ba kan waya ba. Idan wani ya fara nitsewa, kada wanda bai iya ba ya faɗa bayansa. A miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarkar da ba komai a ciki an rufe bakinta, a yi ta kururuwar neman taimako.

Akwai kuma tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke son ruwa mai kwanciya, irin na magudanai da kududdufai, ta shiga jikin mutum ta fata yana cikin wanka. Uwa, idan kika ga jini a ƙarshen fitsarin ɗanki, wannan ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka. Ki kai shi asibiti. Maganinta praziquantel ne, kuma barin ta shekara da shekaru na lalata mafitsara da ƙoda.

Babban abin da ba za a ɓoye maka ba shi ne tsaro. Dajin Sububu da yankin Bayan Ruwa a ƙasar Maradun sun daɗe da zama mafakar 'yan bindiga. A 2021 an sace ɗalibai a kwalejin aikin gona ta Bakura, aka kuma kwashe wasu a makarantar sakandaren Kaya da ke Maradun. Saboda haka kada ka je sai kana da mai masauki ɗan gari wanda zai gaya maka halin da hanya ke ciki a ranar. Kada ka yi nisa da gari, kada la'asar sakaliya ta same ka a daji, kada ka sanar da duniya inda kake kafin ka dawo. Idan mai masaukinka ya ce yau a haƙura, to ka haƙura, gulbi ba ya gudu.

Mutanen Mafara da Bakura da Maradun suna nan suna noma, suna su, suna cin kasuwa duk da wannan hali. Idan ka je, ka sayi shinkafarsu da kifinsu da daraja, ka biya mai kwale-kwale haƙƙinsa, ka koya wa 'ya'yanka sunan gulbin da tarihinsa. Allah ya dawo da zaman lafiya Zamfara, ya kai mu kaka lafiya.