Fuka ba ragwanci ba ce

Da hunturu ya shigo, kowane malami ya san ɗaliban da numfashi zai fara gagara. A ajina su biyu ne bana. Mutane kan ce mai fuka jikinsa ne ba ƙarfi, alhali garkuwar jikinsa ce ta cika zafin kai.

Ƙura, gashin kyanwa ko kashin kyankyaso ba su dame mafi yawanmu ba. A jikin yaron nan kuwa garkuwa na ɗaukar su abokan gaba, ta ƙera abin da likitoci ke kira IgE, ya manne wa wasu ƙwayoyi a hanyar numfashi. Da sun sake shiga, sai ƙwayoyin su zubo histamin, hanya ta kumbura, ta tsuke, majina ta cika ta. Akwai kuma ƙwayoyin T masu tsawatarwa, kamar malamin da ke raba faɗa a filin makaranta. Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana su a 1995. A jikin mai fuka, tsawarsu ba ta isa.

Shuɗin abin shaƙar nan, Ventoline, buɗe hanya kawai yake yi. Mai kwantar da kumburin shi ne wanda likita ya ce a shaƙa kullum, kuma shi ne iyaye ke saurin ajiyewa da tari ya lafa. Wannan na ci mini rai.

Ni dai na cire yaran biyu daga shara da goge allo, su ke tattara littattafai. Maganinsu yana aljihunsu, ba a kulle a ofishin darakta ba.